Ƙofar Gefe da Na Ƙi Buɗewa

Har gobe ban manta da ranar da na ƙi buɗe ƙofar gefe ba, kuma ku sababbin ma'aikata gara ku ji daga bakina. Lokacin ina ɗalibi, ina zaune a unguwar Hayyin Ashir a nan Alƙahira, ina aikin rakiyar baƙi a ɗakin panorama ɗin nan.

Ga wanda bai sani ba, ɗaki ne zagayayye, an zana tsohuwar Alƙahira da kogin Nilu a bangonsa kaf, an zuba yashi na gaske a gindin zanen. Tun kafin a san silima mutane ke tururuwa zuwa irin waɗannan ɗakuna. Ƙa'idar ita ce baƙo ya bi ta wani dogon lungu mai duhu, idonsa ya manta hasken titi, sannan ya hau dandamalin tsakiya. Ƙofar gefe kuwa ta masu shara ce, in ka bi ta nan fenti da ƙusoshi kawai za ka gani. Mudirinmu, wato shugaban wurin, Ustaz Magdi, shi da kansa ya koya mini haka.

Ran nan aka kawo wani Alhaji daga gida da tawagarsa, suna saurin kama jirgi. Mudir ya ce yalla, maza in shigar da su ta gefe, in ba haka ba in manta da aikin rakiya. Wallahi raina ya ɓaci. Mutumin da ya koya maka abu, yau shi ke cewa ka taka abin don ya ga babbar riga?

Na ce, "Ma'alish ya Ustaz, kada ka ji haushi, ba zan kai mutanenmu su kalli ƙusa ba."

Na jefa makullin ƙofar gefen a aljihu, na shige gaba cikin lungun. Alhaji na biye da ni yana mita, wai shi ba a sa shi lalube. Da muka hau dandamali sai ya tsaya yana kallon zanen. Can ya ɗaga hannu ya kare idonsa daga ranar da aka zana a bango.

Mudir bai yafe ba. Washegari aka mayar da ni bakin get ina yaga tikiti, rana ta gaske tana gasa ni, kuma a nan kuka same ni. Ban ba da haƙuri ba, ba kuma zan bayar ba. A aikin nan, duhun lungun shi ne rabin abin da muke nuna wa mutane. Duk ranar da babba ya ce ku tsallake shi, ku dubi inda nake tsaye, ku san abin da za ku rasa, sannan ku ƙi.