Farin da Tsumma Bai Fitar Ba

Tun yana saurayi ake ce masa Tsoho, saboda fulawar gidan burodin da yake aiki kullum sai ta mayar masa da kai fari fat. Yana da wata ɗabi'a: duk buhun da aka buɗe, sai ya cika tafi ya kai hanci ya shaƙa kafin ya yarda a kwaɓa. Wai hanci ba ya ƙarya. In ya koma gida kuwa, matarsa ta tare shi a bakin ƙofa da tsumma, tana kakkaɓe masa kai tana mita, wai ita fa yaro ta aura, a dawo mata da abinta.

Bayan shekaru da yawa, tari ne ya fara, sai ƙaiƙayi, sai ƙirji ya riƙa kuka kamar tsohuwar ƙofa. Da aka auna jininsa, likita ta ce wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil sun yi yawa. Aikinsu yaƙar tsutsa, amma wani lokaci sukan far wa abin da bai tsare musu komai ba. Aka ba shi maganin tsutsar ciki, ko gezau. Gwaji na gaba ya kama mai laifin: fulawa ce.

Aka haɗa shi da maganin shaƙa da ƙwayoyin rage kumburi, ya koma aiki da takunkumi. To amma sabo fa? Gogan naka ya janye takunkumin ya shaƙi sabon buhu, aka kwashe shi ranga-ranga sai asibiti.

"Magani zai kwantar da ƙwayoyin jinin, Baba," in ji likitar, "amma ko fulawa ko numfashi. Zaɓi ɗaya."

Ya zaɓi numfashi. Jini ya daidaita, tari ya tafi. Yanzu a shagon ƙaninsa yake wuni, yana sayar da ƙusa da kwaɗon ƙofa, kayan da ba su da ƙamshin komai. Wallahi kewa na cin bawan Allahn nan. In iska ta kwaso ƙamshin gashin burodi daga ƙarshen layi, sai ka ga yatsunsa suna murza gefen benci kamar kwaɓi.

Rannan da ya dawo, matar ta tare shi da tsumman nan don ta ba shi dariya. Ta kakkaɓa, ta sake kakkaɓawa.

"Daina wahalar da kanki," ya ce. "Wannan farin ba ya fita."

Ta duba tsumman, babu ko ɗigon gari. Ranar ba ta yi mitar ba.