Takunkuman da na ɗinka wa Kaka

Ƙarar keken ɗinki kaɗai ake ji a gidanmu ranar da na fara. An rufe makarantarmu ta Parakou saboda korona, na dawo Malanville, na tarar an hana mutane tsallake gada. Kakata, wadda ta rene ni, tana Gaya, can ƙetaren kogi. Tsohuwa ce mai tarin asma, kuma ba ta iya zama ba tare da baƙi ba. Ita nake ji wa tsoro.

Takunkumin famasi, shuɗin nan da ake sawa a yar, ya ƙare a garin. Wanda ya samu ɗaya sai ya wanke shi, ya shanya, ya sake sawa har igiyar ta tsinke. Na ce Kaka ba za ta sa irin wannan ba. Na buɗe buhun ƙyallayen Inna na zaɓi na shadda da leshi, na ninka su uku, na yi wa kowane gefe ɗan ado da zaren zinariya. Yini guda nake yi a kan ɗaya. Ba ni da wanda zan nuna wa, don Inna tana rumfarta ta albasa har la'asar.

Manyan motocin kaya suna wucewa, shi ya sa nake ba wani maƙwabcinmu direba ya kai mata. In ya tafi, nakan je bakin ruwa in tsaya ina kallon hayaƙin girki yana tashi a wancan ƙetaren, ina zaɓar wanda zan ce nata ne.

A waya nakan tambaye ta, "Kaka, kina sawa?"

"Wanga aiki naki, 'yar nema, ko amarya ta samu sai ta gode Allah."

"Amma kina sawa?"

"Mi kike ci ne, muryarki duk ta rame?"

Sai in yi dariya, in bar maganar.

Annobar ta wuce, ba ta taɓa ta ba. Shekaru bayan haka, da Allah ya yi mata rasuwa, ƙanwar Inna ta buɗe adakarta a gabana. Takunkuman suna ciki duka, a ninke tsakanin zannuwan Salla, ko ɗaya ba a taɓa wankewa ba. Ta ce duk tsawon lokacin da bakin mayafi Kaka take rufe hanci. Nawa kuwa sai in an yi baƙi take fiddo su, ta nuna, ta mayar.