Rabon Waɗanda Ba a Gani: Ban Kwana da Davou

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, 2014, da misalin ƙarfe goma na safe, Davou Mancha ya rasu a wani asibiti kusa da Landover, a nan Amurka, bayan jinyar wata biyar. Daga Allah muka fito, kuma can za mu tattara, kowa da ranarsa. Ya bar matarsa Chundung, wadda muke kira Maman Olive, da 'yarsu ɗaya. Ni Almu, maƙwabcinsa na shekara goma sha ɗaya, ina kan hanyar aiki lokacin da abin ya faru. Kafin wayar Maman Olive ta shigo, motata ta riga ta cika da ƙamshin ƙonannen itace mai ɗan zaƙi-zaƙi. Na san ƙamshin. Na wani guntun katakon gangar ajiye giya ne da Davou ke yawo da shi a aljihun kwat. Na tsaya gefen titi, na duba ƙarƙashin kujera, ban ga komai ba, kuma rabonsa da motar tun watan Mayu.

Davou, bari in yi magana da kai, domin akwai wadda ban gama ba.

A ɗakin wanki na gidan da muke haya na fara jin muryarka, a 2003, kana faɗa da inji da Hausar Jos tsantsa. Na ce, "Daga wace unguwa?" Ka ce Bukuru. Na ce ni ɗan Gangare ne. Shi ke nan, ba mu sake rabuwa ba. Ni ina fassara labarai a sashen Hausa na gidan rediyo, ina salla a sahun gaba. Kai kana aiki a shagon sayar da giya, kana waƙa a coci ran Lahadi da wata murya da ba ta taɓa bin ta kowa ba. Mutane sun yi ta mamakin abin da ya haɗa mu, mu kuwa ba mu taɓa samun lokacin yin mamakin ba.

Ba zan manta da Janairun 2010 ba, da gari ya sake rikicewa a gida Jos, wayar mahaifiyata ta daina shiga. Ka bar aiki ka zauna a falona tun safe, kana kiran 'yan uwanka ɗaya bayan ɗaya, har aka samu wanda ya taka da ƙafa ya gano ta da rai a gidan ƙanwarta. Duk azumi kuma sai ka ƙwanƙwasa ƙofa da kwanon gwaten acca na Maman Olive, kana cewa, "Malam, na wanke hannu sau uku, kada ka ji tsoro."

Ni nake kai ka aiki da safe, tunda hanyata ce. Amma ban taɓa sauke ka a ƙofar shagon ba. Sai in tsaya can baya, gaban mai wankin kaya, kada wani ɗan masallacinmu ya ga motata inda bai kamata ba. Ka taka sauran da ƙafa, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Ba ka taɓa ƙorafi ba. Da mun doso wurin ma kai ne ke fara cewa, "Nan ya yi." Yau in na tuna, kunya ce ke kama ni.

A cikin motar nan ka cika mini kunne da zancen burbon, wuskin masara na Amurkawa, ni da ko ɗigo ban taɓa kai wa baki ba. Kai kanka ka daina sha tun ranar da aka haifi Olive, hanci kawai kake aiki da shi. Amma ka ƙi jinin a cuci mai saye. Kakan ce kwalbar da aka ajiye daidai ido, an ajiye ta ne don wanda bai sani ba. Mai kyau mai sauƙin kuɗi tana ƙasa, sai mutum ya duƙa. In ya ɗauko, kada ya tsaya kallon adon gaba, ya juya bayanta ya karanta inda aka dafa shi, domin wasu inda aka ɗura kawai suke rubutawa. Ya nemi wanda ya shekara huɗu a ganga ko fiye. Kada ya biya kuɗin murfi mai ƙyalli, tunda ba murfin zai sha ba. Nakan ce, "Davou, wannan karatu ba inda zai kai ni." Kai kuma ka ce, "Ajiye dai, ba ya ruɓewa."

Sau ɗaya muka yi musu na gaske. Ka dawo daga Kentucky, mahaifar burbon, inda shagonku ya tura ka, da guntun katakon nan a hannu, kana ba ni labarin cewa duk shekara abin da ke cikin ganga yana raguwa, ganga kuwa a toshe, kuma masu sana'ar suna kiran abin da ya ɓace rabon mala'iku. Na taka burki. Na ce mala'iku ba sa ci ba sa sha, balle wannan, kada ka sake faɗin haka a motata. Sai da muka wuce danja biyu, sannan ka ce, "To, rabon waɗanda ba a gani. Ya yi maka?" Na ce wannan da sauƙi. Ka ƙara da cewa a ganga kaɗai ake yin wannan ragin. Da zarar an ɗura a kwalba an liƙe, ko shekara hamsin za ta yi, yadda aka zuba haka za a tarar. Na riƙe wannan maganar ba tare da na san na riƙe ta ba.

Kwana biyu bayan Babbar Salla na kai maka nama asibiti, ko da yake na san ba za ka iya ci ba. Ka rame har agogo yana yawo a hannunka. Ka ce akwai dattawan ƙauyenku uku a Wheaton, nan kusa da mu, da za su zo zaman makoki, kuma su ba sa sallamar mamaci da lemo. Maman Olive ba ta san kan abin ba, in ta je za a miƙa mata kwalbar daidai ido. Ba ka so a ce Davou, da ya shekara goma sha biyar yana zaɓa wa baƙi, an raka shi da abin banza mai tsada. Ka ce, "Malam, kai kaɗai ka yi karatun. Ka je ka zaɓa mini."

Na ce, "Davou, ka san ni. Ka roƙe ni wani abin."

Ka dube ni, ka gyaɗa kai, ka juya fuska bango. Na zauna na ɗan lokaci, sannan na tashi na ce sai na dawo. Aiki ya riƙe ni, ko kuwa na bari ya riƙe ni. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Tun daga ranar Talatar da ka rasu abu ɗaya ke cina: ko ka tafi da fushina a ranka.

Ran Juma'ar da ta biyo bayan rasuwarka, bayan an sauko daga masallaci, na tsinci kaina a hanyar shagon. Na wuce mai wankin kaya, na tsaya a ƙofar, da hulata da komai. Ciki tsit, rana tsaka, ba mai saye ko ɗaya, sai ƙugin firiji. Constance, abokiyar aikinka 'yar Kumasi, tana bayan kanta. Ban yi mata bayani ba, na nufi inda burbon yake. Na duƙa. Na sa hannuwana a baya, na roƙe ta ta riƙa juya mini kwalaben ina karantawa. Muryarka nake ji a kunnena, a sarari har sai da na waiwaya sau ɗaya. A ta biyar na ce, "Wannan." Wata ce mai farar takarda, ba ado, ba ta kai dala ashirin ba.

Constance ba ta ɗauka ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta koma bayan kanta ta fito da wata jakar takarda mai ƙura. Ta ce ka ajiye ta tun watan Mayu, ranar da ka bar aiki, wato wata biyar kafin ka roƙe ni. Ta zaro kwalbar. Ita ce dai wadda na nuna, ba bambanci. A jikin jakar akwai rubutun hannunka: "Malam Almu zai ce a'a, amma zai zo. Kada a bari ya taɓa. Constance ta kai."

Na zauna a kan wani kwali. Ashe ka san amsata tun kafin ka tambaya, ka kuma san zuwana tun kafin ni in sani. Ka tsare mini addinina fiye da yadda na tsare maka abota.

Da Constance ta ɗaga kwalbar wajen haske, sai muka ga abin da har yau ban sami bayaninsa ba. Liƙin murfin yana nan daram, ba a taɓa shi ba, amma abin da ke ciki ya sauka ƙasa da wuya da kamar faɗin yatsa biyu. Ta ɗauko 'yar uwarta daga ƙasa ta jera su, waccan cike take. Babu ɗigo a jakar, babu tsagewa a kwalbar. Ita ta yi alamar gicciye, ni na yi a'uziyya. Ni mai fassara labarai ne, abin da na gani kawai nake faɗi.

Ran Asabar Constance ta kai ta gidan makoki, ina biye da ita. Babban dattijon ya karɓa, ya juya bayanta ya karanta, ya gyaɗa kai. Ya lura da ragin, ya shafa liƙin da babban yatsa, ya ce a hankali, "Davou ya riga ya ɗebi nasa rabon." Ba wanda ya yi dariya.

Maman Olive, Allah Ya ba ki haƙuri da juriya, Ya zame miki gata a ƙasar nan. Olive, mahaifinki bai taɓa cutar wanda bai sani ba, ki riƙe wannan, Allah Ya raya ki a kansa. Ina miƙa ta'aziyya ga dangi a Bukuru, da dattawan Wheaton, da Constance. Kai kuwa Davou, hanyarmu ta ibada ba ɗaya ba ce, ba kuwa zan yi shisshigi a abin da ba nawa ba. Na bar ka a hannun Wanda Ya yi mu duka, Mai rahamar da ta fi ƙarfin sanina, ina roƙon Ya duba alherin da ka yi mini. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da kyau.

Har yanzu duk safiya ƙafata takan nemi burki a gaban mai wankin kaya. Ba na tsayawa. Sai na kai ƙofar shagon nake tsayawa, in ɗan jira, kamar mai jiran wani ya sauka.