Inna Tambaya Za Ta Kanada Bayan Kaka

Shekarun Inna Tambaya sittin da ɗaya, kuma ita ke noma gonar da mijinta ya bari a Karakkai tun rasuwarsa shekara tara da suka wuce. Gero da dawa take shukawa, da wake a tsakanin kunya. Tafiya mafi nisa da ta taɓa yi ita ce Kano.

Bara 'yarta Hussaina, wadda ke aikin jinya a Kanada, ta nema mata biza don ta je ta ga jikoki biyu da ba ta taɓa ɗauka a hannu ba. Da bizar ta fito, Hussaina ta yi mata bayani a waya dalla-dalla. Ta ce ta zo tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da ƙanƙara ta narke. Ƙasar faɗi gare ta, in ta sauka daga jirgi sai ta sake hawa wani na awa huɗu kafin garinsu. Janairu kuwa ko 'yan ƙasar ba sa son fita.

"Yuni?" in ji Inna Tambaya. "Wa zai yi mini shuka?"

Amsar tana zaune a maƙwabta. Dalhatu, ƙanen mijinta, ya daɗe yana cewa gonar ta fi ƙarfin mace. Da ya ji labari sai ga shi da fara'a.

"Ki tafi abinki, Yaya. Damina guda ce, ni zan riƙe miki."

Ta san yadda riƙon yake. A ƙauyen nan ta ga gonaki uku da aka ba da aron damina guda, har yau masu aron ke girbe su.

"Allah shi saka, Dalhatu. Ashe kana da ƙarfin noma? Taka da ciyawa ta cinye fa?"

Ta ce sai bayan kaka za ta tafi. Hussaina ta yi roƙo, ta yi fushi, ta turo hoton motarsu a binne cikin ƙanƙara. Inna Tambaya ta duba ta ce ai ga mutane nan a bayan motar suna tafiya da ƙafafunsu.

Duk da haka ba ta ɗauki sanyin da wasa ba. Ta je wurin masu gwanjo a Gusau ta sayi abin da 'yar ta lissafa: riguna masu kama jiki, suwaita, babban kwat, safa mai kauri, da takalmi mai ƙaya a ƙasa don santsi. Daga nan ta wuce Tudun Wada wurin Alhaji Bawa, mai sayar da daskararren kifi, ta ce ya buɗe mata ɗakin sanyinsa.

"Inna, kifi za ki saya ko kwana za ki yi?"

"Gwaji zan yi. Rufe ƙofa."

Ranar farko minti shida ta yi ta fito yatsunta ba sa lanƙwasuwa, don ta manta da safar hannu. Ta koma sau biyar, duk ranar da wuta ta zauna. Ta gano cewa kallabi ba ya tare kunne, kuma zane ɗaya a kan wando biyu ya fi zane uku ba wando. A zuwan ƙarshe ta kai rabin awa tana jan carbi a tsakanin kwalayen kifi. Da aka gaya mata yini gajere ne can a Janairu, ta ce madalla, tana da ramuwar azumi.

Ta yi shuka, ta yi noma, ta girbe, ta cika rumbu biyu. Dalhatu ya koma cewa jirgi kan yi jinkiri, in ba ta dawo da wuri ba shi zai yi sharar gona.

Ran Litinin ɗin nan ta kawo Manu, Bafulatanin da suka saba ciniki, ya kafa shanunsa arba'in a tsakiyar gonar. Za su ci kara su zuba taki, kuma ba zai tashi ba sai ya ga ƙafarta. Ta tsaya a kan iyaka har aka ɗaure maraƙi na ƙarshe, sannan ta aika a gaya wa Dalhatu cewa gona tana da mai tsaro, jirginta kuma ran Alhamis.