Ƙwan Tocilan da Ya Yi wa Kaka Kiɗa

Ran wata Juma'a da bazarar 1985, bayan an sauko daga masallaci, na zauna a bayan rumbunmu da rediyon Baba a cinya, da wuƙar yankan kuɓewa ta Inna, da ƙwan tocila guda a baki don kada ya ɓace cikin rairayi. Rumbun babu komai a ciki sai gidan rina, saboda haka na san ƙannena ba za su biyo ni can ba. Baba ya ba ni aron rediyon ne zuwa la'asar, bayan na kwana biyu ina yi masa naci. Ta cikinta yake jin ranar da sojoji za su kawo jar dawar taimako ƙauyenmu da ke kusa da Maijirgi, kuma ya riga ya faɗa mini cewa in ta daina magana, jikina ne zai gaya mini.

Duk wannan kasada saboda Kaka na yi ta, mahaifiyar Baba. Tun ina rarrafe take kirana mijinta, kamar yadda kakanni ke yi da jikokinsu. In na dawo daga lakwal, wato makarantar boko, sai ta tare ni a bakin zaure: "Ga ragon miji ya dawo, ko toshin goro babu." Ni kuma in ce na sake ta, ta tsufa, ta biyo ni da muciya ana dariya. A zamaninta ita ce mai ba da waƙa in an yi gayya, tana bin manoma a bakin kunya da guɗa. To, a shekarar farin nan ta yi wani zazzaɓi mai tsanani, ta tashi kunnuwanta sun toshe. Tsokana kuwa sai da ramuwa take daɗi. Da ta ga tana jifa ba ta jin abin da aka mayar mata, sai ta daina. Ta bar tabarmar hira, ta koma ɗakinta mai duhu, a kai mata tuwo a ɗauko kwano. Yunwar shekarar ban ji ta kamar yadda na ji shirun nan nata ba.

Mu yara dai ba mu fasa harkarmu ba. Da safe mu ɗebo ruwa a amalanken jaki, mu sauya ruwan anza, 'ya'yan itacen dajin da yunwa ta sa muke ci, wadda Inna ta jiƙa don ɗacin ya fita, mu tafi lakwal da ƙafa. Da yamma mu yi langa, ko mu ƙera motar kara. A lakwal ne mushenmu, wato malaminmu, ya nuna mana yadda ake kunna ƙwan tocila da batir da 'yar waya, abin ya shiga raina har na fara tsince-tsincen matattun batura a bola ina shanya su a rana, don mun yarda rana tana mayar musu da rai. Ran kasuwa na bi amalanke zuwa Tasawa, inda ƙanen Inna, Kawu Illa, yake gyaran rediyo. Na gan shi ya taɓa lasifika da wayoyin wani ɗan ƙwai, ƙwan yana haske yana dushewa daidai da muryar mai magana. Ya ce, "Magana ma wuta ce, ɗana, cikin waya take tahiya." Ya ba ni ƙwan da guntayen waya biyu, ya nuna mini inda zan ɗaura.

To, ran Juma'ar nan na kwance bayan rediyon da tsinin wuƙa, na feƙe wayoyin da haƙori, na naɗa su a kunnuwan lasifika biyu, ɗaya bakin kuma na manne shi jikin ƙwan da ƙaro. Na soka ƙwan a gindin wata 'yar duma da na huda, na kunna. Rediyo ta yi magana, na yi hamdala, amma ƙwai ko gezau. Na sake ɗauri, na lashi batir, na ƙure murya, shiru. Har na fara haɗa kaya hawaye na zuwa, sai inuwar hannuna ta faɗa kan dumar, na ga wani ɗan ja-ja yana motsi. Ashe tun ɗazu yana ci, ranar bazara ce ta shanye shi. Abin duhu yake so, kuma a gidanmu babu inda ya kai ɗakin Kaka duhu.

Na same ta zaune a bakin gadon kara tana jan carbi. Na ajiye rediyon a gabanta na kunna. Wani mutum yana karanta labarai, ƙwan yana ta ƙifce-ƙifce ba kan gado. Ta dube shi, ta dube ni, ta ci gaba da carbinta. Baba ya leƙo yana faɗan za a cinye masa batir, Inna na bayansa da ludayi a hannu. Ana cikin haka labarai suka ƙare, aka shiga shirin manoma, aka saki ganga. Nan take hasken ya sake tafiya: ya buga da ƙarfi, ya ɗan ja baya, ya buga biyu a jere, ya sake komawa. Carbin Kaka ya tsaya. Ta sunkuyo har hancinta ya kusa taɓa dumar, na ga yatsanta yana bugun gwiwa, yana faɗuwa daidai inda gangar take faɗuwa.

"Wanga kiɗin noma na," in ji ta, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryarsa. "Wa ad da gayya bana?"

Babu wanda ya yi gayya, ko digon ruwa bai sauka ba tukuna. Baba ya zauna a dokin ƙofa, bai sake zancen batir ba. Kaka ta fara kaɗa kafaɗa, ta ɗauko waƙar daga tsakiya, Inna ta amsa mata. Da kiɗan ya ƙare ta kama kunnena ta murɗa: "Ashe ragon miji ya san toshi." Na yi mata alamar saki da hannu, ta gane, ta ɗaga carbi za ta make ni.

Kaka ba ta koma tabarmar tsakar gida ba, hirar ce ta tashi ta koma ɗakinta. Kullum da yamma mu cika shi, wasu a gado wasu a ƙasa, a karkaɗe rairayin ƙafa a miƙe, ita tana kallon dumar tana faɗa mana wane kiɗa ake yi, har takan yi gardama da mu masu kunne, kuma sau da yawa ita ke da gaskiya. Baba da kansa ya koma shanya batura a kan danga.

Yanzu a falona na Maradi akwai wata igiyar fitilu da ɗana ya sayo a kasuwa, tana sauya launi da kowane sauti, ko tari ka yi sai ta amsa. Yara sukan kunna ta, kowa ya sunkuya kan wayarsa. Ni kuwa in na gaji nakan kashe ta, in ɗauko tsohuwar dumar daga saman kabad, in ɗaura wayoyinta a rediyo, in sa kiɗan noma in rage murya. Har yau ban iya gane kiɗa da ido ba, sai na saurara.