Yadda muka zaunar da Gwaggo Zali

Daminar bana ce ta bakwai da rasuwar Gwaggo Zali, ƙanwar mahaifina. Na sha ɗaukar alƙalami zan yi rubutu a kanta in ajiye, don na san ba labarinta kaɗai zan bayar ba, har da abin da mu muka yi mata.

Sunanta Zaliha. Da raunin ƙwaƙwalwa aka haife ta. Ta haura shekara hamsin ba ta iya ƙirga kwanakin mako ba, ba ta yi aure ba, a gidanmu na Birni ta yi rayuwarta duka. Amma babu lungun da ba ta sani ba. Ita ke kai niƙa da hantsi, ita ke kai wa Baba abinci rumfarsa ta dukanci, a hanyar dawowa ta leƙa nan ta leƙa can. Ba ta zama sai barci ya kama ta.

Wata rana ta fito da tasar gero a ka, ta yi tuntuɓe da dokin ƙofar zaure, goshinta ya fashe. Baba ya ga jini a fuskar ƙanwar da mahaifiyarsu ta bar masa amana, ya ce daga yau ba ita ba fita. Ni da hannuna na ajiye mata kujerar roba a inuwar ɗaki. Ruwa mu kawo mata, buta mu miƙa mata. Kullum da safe sai ta ce, “Yaya, in kai niƙa?” Ya ce, “Zauna, Zali, an kai.” Kafin shekara ta zagayo, ba ta iya miƙewa sai an kama ta.

Da muka kai ta asibiti, likita ya tura mu wurin mai gyaran gaɓoɓi da motsa jiki, wadda muke kira kine. Mun saba ma'aikata su tambaye mu kamar Gwaggo ba ta wurin. Ita kuwa durƙusawa ta yi a gabanta ta ce, “Inna, ina kike so ki je?” Gwaggo ta ce, “Niƙa.” Bayan ta duba ta, ta juyo gare ni ta ce ƙafafun nan ba ciwon komai, zama ne ya cinye ƙarfinsu, kuma wanda aka zaunar don tsoron faɗuwa ya fi kowa kusa da faɗuwa.

Abin da ta koya mana ba mai yawa ba ne. Ta tashi daga kujera ta koma ba tare da dafa komai ba. Ta bi jikin bango a hankali, ƙafa a gaban ƙafa. Ta tsaya da ƙafa ɗaya tana riƙe da ginshiƙin rumfa. A daina ba ta silifa, a samo takalmi mai maɗauri. Da yake ba ta iya ƙirga ba, sai na zuba gyaɗa goma a ƙwarya. Duk tashi ɗaya ta ɗauki ɗaya, in sun ƙare ta cinye abinta. Sai ta sa wa aikin suna “gyaɗa”. Bayan wata uku ta taka har wurin niƙa, ina biye da ita, tana ta kiran sunayen mutane tun daga nesa.

A farkon shekarar karatu aka mayar da ni lakwal ɗin garin Hamdara, makarantar da nake koyarwa har yau. Na bar wa mutanen gida bayani. Ba mugaye ba ne, kowa da hidimarsa, ita kuma ba ta tunawa da kanta sai an ce mata tashi. Baba ma in ya ga tana haki sai ya ce a ƙyale baiwar Allah ta huta. Na zo hutu na tarar da ita a kujera, ƙwaryar an mayar da ita ta awon tsaba. Na gani. Na ce a raina sai babban hutu mu ɗora daga inda muka tsaya.

Ba mu kai ba. Ruwan farko ya sauka da safe, ta tashi za ta makewayi, santsi ya kwashe ta, ƙashin ƙugunta ya karye. Wata huɗu ta yi a kwance kafin ta rasu. Zuwana na ƙarshe, ina gyara mata matashi, ta ce, “Rabi, yaushe za mu yi gyaɗa?” Na ce in ta warke. Ta ce, “To.”

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da Birnin yau. Babura sun cika lungunan da take bi, injin niƙa ya zo bayan gidanmu, rumfar Baba ta zama shagon cajin waya. Ina jin za ta yi murna da hayaniyar. A rediyo yanzu ana maganar haƙƙin masu naƙasa fiye da da, amma yawanci yara ake nufi. Manya irinta suna nan a bayan katanga, a Birni da Dogo da Hamdara, ƴan'uwa masu ƙaunarsu sun zaunar da su. In na tarar da irin wannan gida ina ba su labarinmu, in ce su nemi kine, kuma su sa mutum biyu ko uku su iya aikin, kada ya rataya a wuyan mutum ɗaya kamar yadda na bar namu.

Baba ya bi ta bayan shekara biyu. Bai taɓa tayar da maganar ba sai sau ɗaya, a ciwonsa na ajali, ya ce mini, “Ni na zaci tsare ta nake yi.” Tare muka zata.

Gwaggo ba ta bar ɗa ba, ba ta bar dukiya ba, hotonta ma ɗaya ne, shi ma ta rufe ido. Baba ya yi shekara arba'in yana dukanci, sunansa ya kai kasuwanni. Amma har yau in baƙo ya shigo unguwa yana neman gidanmu, sai a ce masa ya miƙe ya tambayi gidan su Zali. Allah ya jiƙan ta, ya yafe mana.