Rijiyar Kakana da Madubin Baƙi

Jiya da hantsi ina tsugune a tsakar gidana nan Tambuwal, sai na ji maƙwabciyata ta saki guga cikin rijiyarta. Ka san ƙarar nan da ke tasowa daga can ƙasa a daƙushe, sannan igiya ta fara gogar bakin rijiya. Hannuna na cikin kwanon wanke-wanke, amma sai na tsaya cak. Shekaru da yawa ke nan rabona da jan ruwa a rijiya, kuma ba ciwon baya ya hana ni ba. Zan ba ka labarin, amma in gaya maka tun yanzu, ba labarin godiya ba ne.

A wani ƙauye na ƙasar Kebbe aka haife ni, cikin gida mai sassa biyar, gidan noma da kiwo. A ƙofar gidan akwai rijiya, kuma kakana na wajen uba shi ya gina ta da hannunsa tun yana saurayi. Bakinta itacen ƙirya ne guda huɗu da aka gicciya, igiya ta ci su har ta yi masu kwari-kwari masu santsi, inda muke sa yatsa muna wasa. Ruwanta sanyi gare shi ko a tsakiyar bazara, da ɗan ƙamshin laka a ƙarshen maƙogwaro. Duk unguwa nan take sha. Matafiya masu zuwa kasuwa kan tsayar da babur su cika jarka, kuma ba a taɓa karɓar ko sisi a hannun kowa ba. Kaka bai je Makka ba, bai riƙe sarauta ba, karatunsa bai yi nisa ba. Abin da ya mallaka a idon jama'a shi ne a ce, ruwan gidan wane. Can gefe kaɗan, a ɗan tudu, turken shanunsa yake. Da damina ruwa kan gangaro daga turken ya kwanta kewaye da rijiyar, mu kuwa mu taka da ƙafa mu wuce.

A cikin jikokinsa ni ce tasa. Amarya yake kirana, irin wasan nan na kaka da jika. Kullum da safe in na kai masa kunu sai ya leƙa kwanon ya ce tsararo ne, zai sake ni ya auro wadda ta iya damu. Ni kuma in ce ba wadda za ta auri tsoho mara haƙori. Ya yi dariya har ya yi tari. Shi ya tsaya aka sa ni makaranta lokacin da wasu a gidan ke ganin ɓata lokaci ne.

A daminar da nake aji biyar ƙanena ya rasu. Bai daɗe da yaye ba. Amai da gudawa suka kama shi, kwana uku kawai ya yi, idonsa ya faɗa, aka ɗauke shi a cikin ɗan tabarma. Ba shi kaɗai ba ne a unguwar shekarar nan. Aka ce kwana ya ƙare, aka yi haƙuri. Inna ta daina yawan magana.

Gero ya nuna an fara girbi lokacin da baƙin suka zo. Hedimasta ya sanar da mu kwana biyu kafin nan cewa masu bincike daga jami'a za su zo su nuna mana kimiyya da ido, su kuma koya mana kula da muhalli. Ya ce kowa ya zo da ruwan da ake sha a gidansu cikin kwalba. Na wanke kwalbar maganin tari fes, na je rijiya. Kaka da kansa ya ja mini gugan, ya ce in cika ta har wuya, baƙi su san ruwa.

Farar mota suka zo da ita, duk ta yi jajir da lakar hanya. Su huɗu ne, amma guda na riƙe a raina, wani matashi mai tabarau wanda ya fi kowa magana. Hausarsa irin ta rediyo ce. Ba zan yi masu ƙarya ba, sun iya jan hankalin yara. Sun zuba wani abu a ruwa ya koma ja, sun sa ƙwai ya yi iyo, sun raba mana ƙananan itatuwa cikin baƙar leda mu dasa a harabar makaranta. Sannan suka ɗora madubinsu a kan teburin malam, irin wanda ake leƙawa da ido ɗaya a ga abin da ido ba ya gani. Suka karɓi kwalabenmu, suka manna wa kowace takarda, suka rubuta sunan maigidan da ruwan ya fito. Ni na faɗi sunan Kaka da ƙarfi, ina taƙama.

Da aka zo kan kwalbata, mai tabarau ya ɗiga ɗigo ɗaya, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe. Sai ya kira abokan tafiyarsa, suka leƙa suna magana da Turanci, fuskarsu cike da murna kamar mafarauta sun yi babban kamu. Daga nan aka jera mu layi. Na sa idona. Na ga abubuwa suna yawo, wasu masu gashi-gashi, wasu kamar zare suna murɗawa, suna karo da juna cikin hasken nan zagayayye. Da safen nan na sha ruwan.

Mai tabarau ya ɗaga kwalbata sama, ya karanta sunan Kaka a gaban makaranta duka, da malamai, da iyayen da suka zo kallo suka tsaya a taga. Ya ce wannan ruwa ya fi kowane ƙazanta, akwai alamar kashin dabbobi a cikinsa, kuma wanda ido bai gani ba ya fi wanda aka gani sharri. Ya ce irin wannan ruwa shi ke kashe ƙananan yara da damina. Ya tambaya ko akwai wanda aka yi wa rasuwar yaro a gidan da ake shan ruwan nan. Ban ɗaga hannu ba. Ba sai na ɗaga ba, duk ajin ni suka juyo suna kallo.

Kafin la'asar sun naɗe kayansu, sun ɗauki hoto da mu, sun shiga mota. Suka ce za su dawo da sakamako da maganin zubawa a rijiya.

Maganar ta riga ni isa gida. Na tarar da Kaka zaune a kan buzunsa a zaure, ga ɗan sandarsa a gicciye kan cinya. Bai kira ni amarya ba.

"Mi kig gani?" ya tambaye ni.

Na gaya masa, kaina a ƙasa. Da a nan na tsaya da ya fi. Amma yarinya ce ni, kuma maganar ta yi mini nauyi, sai na ƙara da cewa baƙon ya ce ruwan ne ya kashe ƙanena. Baƙon bai ambaci ƙanena ba, ni na haɗa. Inna tana bayan danga tana tankaɗe, na ji ta ajiye rariya.

Washegari Kaka ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya bi ni makaranta. Bai taɓa taka ƙofarta ba sai ranar. Ya shiga ajinmu ba sallama, yara suka miƙe, hedimasta ya sheƙo da sauri yana gaisuwa.

"Ina madubin? Ku kawo shi in gani da idona."

"Sun tafi da shi, Baba," in ji hedimasta. "Amma sun ce za su komo."

"Sun ɓata mani suna gaban ɗiyan cikina, sun ce ni nika kashe jikokina, sannan sunka ɗauke shaidarsu sunka tafi?"

Kwalaben na nan jere a kan taga yadda aka bar su. Ya ce in nuna masa tamu. Na nuna. Ya cire murfin, ya kafa kai ya shanye a gaban kowa, ya ajiye kwalbar a hankali a kan teburin malam. Ya dube ni dubawa guda, ya fita. Wasu yara suka ƙyalƙyale da dariya bayan ya ba da baya, kuma har yau ina iya faɗa maka inda kowannensu yake zaune.

Abin da ya biyo baya a hankali ya zo. Matan unguwa aka fara ganinsu da bokiti a ka suna tafiya famfon da ke bakin hanyar mota, tafiya mai nisa cikin rana. Masu babur suka daina tsayawa. A makaranta aka sa mini suna jikar mai tsutsa. Kaka kan fito da safe ya zauna kusa da rijiyar har azahar, igiya a naɗe, ba wanda ya zo. A cikin gida kuma Inna ta fara dafa ruwa a ɓoye. Suruka ce, ba ta da bakin yi wa Kaka magana, amma tun daga ranar ba ta ƙara ba ƙanwata ɗanyen ruwa ba. Wata rana aka yi kuskure aka kai masa daga randarta. Ya kurɓa, ya tofar.

"Ruwanga hayaƙi shikai. Wa ad dahwa ruwa gidana?"

Baba ya sunkuyar da kai. Kaka ya gane cewa har ɗansa ya yarda da baƙi. Ya sheƙar da ruwan a ƙasa, kuma daga ranar ya ce kada a ƙara aiko ni da kununsa.

Da rani ya shigo, Kaka ya fara cike rijiyar. Bai yi shawara da kowa ba. Ya janye itatuwan ƙiryar nan ya jingine su a bango, ya riƙa ɗebo ƙasa da kwando daga bayan gida yana zubawa. Baba da ƙannensa suka roƙe shi ya bari, ya ƙi. Suka ce to su taya shi, ya ce wanda bai taya shi gini ba ba zai taya shi bizo ba, wato binne ta. Wata biyu yana yi, tsoho mai rawar gwiwa. Ina wucewa da jakar makaranta ina jin faɗuwar ƙasar, da farko cikin ruwa, daga baya kan ƙasa 'yar'uwarta. Ranar da ya gama ya daddale wurin da ƙafa, ya shiga ɗaki. Daminar da ta biyo ita ce ta ƙarshe da ya gani. Har ya bar duniya yana amsa gaisuwata, amma bai ƙara yi mini wasa ba.

Baƙin sun dawo, bayan shekara guda da wani abu. Ba mai tabarau, wasu ne daban. Itatuwan da muka dasa suka zo dubawa, suka tarar awaki sun cinye sai guda biyu, suka ɗauki hoton biyun. Hedimasta ya tuna masu zancen sakamako da magani, suka ce ba su da labari, wancan wani shiri ne.

Sai da na zo sakandare a Tambuwal na ji abin da ya fi ƙona mini rai. Malamar kimiyya ta zana mana rijiya a allo, ta ce in ruwa ya gurɓata daga sama gyaransa ba wuya. A matsar da turken dabbobi, a ɗaga bakin da siminti, a yi masa murfi, a yashe, a zuba magani. Aikin kwana kaɗan. Na zauna ina kallon allon hawaye na zuba, malama ta ɗauka ciwon ciki nake. Mutanen nan sun san wannan. Da ɗayansu ya taka ƙafa zuwa zaurenmu, ya durƙusa ya gaida tsoho, ya ce Baba, rijiyarka ta yi wa jama'a hidima, ga abin da za a yi ta ci gaba, da Kaka da kansa zai kwance shanunsa ya kai su bayan gari. Sun zaɓi su faɗi rabin maganar da ke sa a yi mamakinsu, suka bar 'yar shekara goma sha ɗaya ta kai ta gida.

Na san abin da za ka ce, cewa gaskiya suka faɗa, kuma wataƙila ƙanwata da yaran unguwa da yawa suna raye ne saboda ranar nan. Ban musa ba. Ni ma ruwan da ban yarda da shi ba sai na dafa wa 'ya'yana. Amma sanin mutum ya yi gaskiya daban, yafe masa daban.

Yanzu ƙauyenmu akwai famfo mai aiki da hasken rana, yara na buɗewa su bar shi yana zuba, ba su san ruwa yana da mai shi ba. Masu binciken ma sun canza, na ji an ce yanzu har wurin hakimi da iyaye suke fara zuwa. A makon jiya babbar 'yata ta kawo mini takarda daga makarantarsu, wai wasu daga jami'a za su kwashe su zuwa fadama su koya masu gwajin ƙasa, ana neman izinin iyaye. Idonta na ƙyalli, ta ce ita ma irin aikinsu take so ta yi in ta girma. Ta ga ina ta juya takardar a hannu, ta ce, "Inna, mi sunka yi maki?"

Na ce mata ba su ba ne, wasu ne. Na karɓi biro na sa hannu, don ba zan tsaya tsakaninta da ilimi ba. Ta ce in yi masu addu'a su iso lafiya. Na miƙa mata takardarta, na ce ta je ta duba tukunya.